Gutsure Na Goma

Shanghai, 1 ga watan Nisan na Yahudawa, 1933

Zuwa ga Yaya Toba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya Menashe da yara. Allah ya sa tarin nan ya sake ki.

Yaya, ina cikin tasku. Saura mako biyu Idin Ƙetarewa, kuma shi ne na farko da zan yi a gidan miji. Inna Hatun, mahaifiyar mijina Heskel, ta sa an kwance gidan nan kamar masu ƙaura. Mun tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya har sau uku, ta ce a ƙara na huɗu, wai idona na kan faranti amma hankalina na teku. Ba ta yi ƙarya ba. Tun da kika aiko mini littafin nan mai koren bango, kullum ina cikin jirgin ruwa tare da Kyaftin Nadim, ina jira ya gane cewa mai dafa masa abinci Lulu ce ta yi shigar maza.

To jiya Inna ta ɗaga littafin ta girgiza, sai ɓurɓushin gurasa ya zubo mata a cinya. Kin san ni, ba na iya karatu baki a rufe. Kin kuma san tsofaffinmu da hames, ko ƙurar gurasa mai yisti ba sa yarda ta kwana a gida idan Idi ya shiga.

Ta ce, "Mas'uda, littafi ne wannan ko gidan burodi?"

Na ce, "Inna, zan kaɗe."

Ta ce, "Shekara sittin idona bai karanta komai ba sai Zabura, ga ni ban mutu ba. Ki saurara. Idan aka sami hames ko kamar ƙwayar riɗi a cikin waɗannan shirmen ranar bincike, da su da gurasar duk wuta ɗaya za su sha."

Na dubi Heskel ko zai ce wani abu. Sai ya shiga duban silin, kamar an rubuta Attaura a can. Da Kyaftin Nadim ne, da ya zare takobi.

Littafi ashirin da uku ne, Yaya, tun na gidanmu. Na kaɗe su shafi-shafi, ina kaɗewa ina hawaye, wani wurin kuma na tsaya na ɗan karanta. Ni ce kuma aka ɗora wa ɓoye gutsuren gurasa goma da Heskel zai nemo a daren binciken hames. Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mas'uda

Hong Kong, 7 ga Nisan

Mas'uda,

Muna lafiya, tari ya yi sauƙi. Ki gaida mini Inna Hatun da kyau, da angonki mai nazarin silin.

Ki ji ni, don na san ki tun kina zuba gishiri a shayi. Ɓoye gutsure goma ba wasa ba ne. Ki naɗe kowanne a takarda, ki ɗauki fensir ki rubuta inda kika sa shi. Goma kika ɓoye, goma za a samo a ƙona da safe. Idan ɗaya ya ɓata, kin san babu mai zama sai an birkice gidan. Ranar nan kada ki taɓa littafi, ko da Kyaftin ɗin naki ya nutse. Ba zai nutse ba ma, akwai kashi na biyu, yana nan wurina, kuma ba zan aiko ba sai na ji kin fita kunya.

Allah ya kai mu Idi lafiya.

Yayarki,
Toba

Shanghai, 24 ga Nisan

Yaya Toba abar ƙaunata,

Barkanmu da Idi, Allah ya maimaita mana. Zauna tukuna, don abin al'ajabi ya faru a gidanmu.

Na bi maganarki, wallahi. Na naɗe, na rubuta. Tara na rubuta. Ina riƙe da na goma sai idona ya faɗa kan koren littafin, na ce shafi ɗaya kawai. Ana cikin guguwa, hular Lulu ta faɗi, gashinta ya zubo, sai Inna ta ƙwala mini kira daga kicin. Na rufe na ruga.

Da taurari suka fito, Heskel ya kunna kyandir, ya yi addu'a, ya shiga bi ɗaki-ɗaki. Ya samo tara. Ya ƙirga, tara. Ya sake ƙirgawa da yatsa.

Ya ce, "Mas'uda, ina na goma?"

Na duba takardata, babu. Aka ja gado, aka zazzage takalma, ya leƙa har cikin agogon bango, kakin kyandir na ɗiga masa a hannu yana cewa wayyo. Ina tsaye sai abin ya faɗo mini: da gutsuren na yi alamar shafi.

Yaya, na so in yi shiru. Amma na tuna abin da Baba yake cewa, ana share hames na gida ne don a tuna da na zuciya. Yaya zan zauna a teburin Idi da ƙarya a baki? Na ce, "Yana cikin littafi."

Na rufe ido ina jiran tsawa. Can Inna ta ce da wata 'yar siririyar murya, "Wane littafi?"

"Mai koren bango, Inna."

Muka je inda na ajiye shi, babu littafi, babu dalilinsa. Heskel ya ce saura ɗakin Inna kaɗai ba a duba ba. Ta riga shi bakin ƙofa, ta baje hannuwa.

"Ɗakina? Ɗakin da na wanke sau bakwai?"

"Inna, doka ta ce kowane ɗaki."

"Ni za ka koya wa doka? Ni na wanke ka ranar da aka kai ka makaranta!"

Ta shige ta rufo ƙofa. Jim kaɗan ta fito da 'yar takardar da na naɗe gutsuren, wayam, babu gurasa. Ta ce, "A daina nema. Na goman ya tafi inda ba ya dawowa, ni ce shaida."

Heskel ya ce, "Ina ya tafi, Inna?"

Ta ce, "Ubanka ma bai taɓa yi mini tambaya biyu a jere ba."

Da safe aka hura wuta a tsakar gida. Na jawo akwatin littattafaina da kaina, ina shessheƙa, tunda alkawari ne. Inna ta daka mini tsawa, "Ina za ki da su? Hames ake ƙonawa. Takarda hames ce? Me aka koya muku a gidanku?"

Koren littafin kuwa na same shi a ƙarƙashin matashina, yana ƙamshin ruwan wardi, an lanƙwasa kunnen wani shafi can gaba da inda na tsaya, har da ɗigon hawaye a kai. Yaya, wa zai yi wannan in ba Annabi Iliya mai ziyartar gidaje a Idi ba? Na faɗa wa Inna haka, sai ta ƙware da shayi. Ina jin abin ya taɓa mata zuciya.

Taki har kullum,
Mas'uda

Shanghai, 25 ga Nisan

Zuwa ga 'yata Toba, matar Menashe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga gidanki, Allah ya raya zuriya.

Ƙanwarki yarinya ce mai gaskiya, na shaida. Sai dai tana shirin kai maganar Annabi Iliya majami'a, ni kuwa ba zan bari a ɗora wa annabi abin da bai ci ba. Ni na ci. Na ɗauki littafin ne don in duba ɓurɓushi. Ina dubawa hular yarinyar nan ta faɗi, ban san lokacin da hannuna ya kai baki ba. Lokacin hana cin hames bai shiga ba tukuna, na tambayi malaminmu, na ce wata maƙwabciya ce. Ke ki san yadda za ki hana ta, ba tare da sunana ya fito ba.

An ce kashi na biyu yana wurinki. Ki aiko shi da sunana a jirgi na gaba, in fara dubawa. Idan wannan sakaran Kyaftin bai aure ta ba, kada ki wahalar da kanki.

Ki yaga wasiƙar nan.

Uwarki,
Hatun