Na Daɗe Riƙe da Kofin

Greenbelt, Maris 2011

Yaya Balkissa,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Shagon da nake aiki, wanda na ce miki na kayan marmari ne, na giyar inabi ne. Mai shi, wata tsohuwa 'yar Hangari, ta san ba na sha, sai ta koya mini da hanci. Yanzu da shinshinawa nake gane mai zaƙi da marar zaƙi.

Jiya ta buɗe wata kwalba ta inabin Harslevelu, irin da ake nomawa a ƙauyensu. Ƙamshin zumar marigayi Baba ne sak. Ban sha ba, Yaya, amma na daɗe riƙe da kofin.

Kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Mudathir