Ɗigo Arba'in da Ɗaya a Kan Rufin Shagona

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar aiki, Inna ma tana gaishe ki. Sau huɗu na kira ba ki ɗauka ba, shi ya sa na yagi takarda.

Ranar Talata da safe ina buɗe shagon caji, sai na ga mutum biyu suna ɗaure famfon layinmu da sarƙa. Da na tambaya, ɗayan ya nuna mini taswirar unguwa, jajayen ɗigo cunkushe a gefen famfon. Wai kowane ɗigo gidan da yaro ya yi gudawa ne, wai laifin ruwan famfon ne. A ƙasan takardar na ga tambarin ofishinku.

Yaya, gida tara ne a layinmu, kin san su. Yaro ɗaya ne ya kwanta, shi ma haƙori yake fitarwa. Masu gudawar suna can gangare, inda ake jan ruwan tsohuwar rijiyar nan ta bakin kwata. Da aka rufe famfo, mu ma can muka koma. Ki duba mana.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonka, ka gaida Inna.

Ni na haɗa taswirar nan, kuma ba da ka nake yi ba. Ba hannun mutum ke saka ɗigo ba. Duk gidan da mai tambaya ya shiga, idan ya cike bayanin a waya ya danna tura, wayar da kanta take ɗaukar wurin da yake tsaye. Ba ta da ɗan'uwa a layin, ba ta kuma jin haushin kowa. Rahoto ya riga ya fita. Ku riƙa tafasa ruwa, kuma don Allah kada ka je kana cewa yayarka ce ta rufe muku famfo.

Na bar ka lafiya,
Yayarka

Yaya,

Ina sake gaishe ki. Na karanta wasiƙarki sau uku, don kin san karatuna da tsayawa shan iska.

Kin ce wayar tana ɗaukar wurin da mutum yake lokacin da ya danna tura. To ai ba ta yi ƙarya ba. Watan jiya 'yan matan nan biyu masu rigar ofishinku sun yi kwana uku suna zuwa shagona. Tun kafin azahar wayarsu ke mutuwa, sai su ƙarasa gangaren da biro da takarda. Da la'asar su zo su jona wayar a soket ɗin da ke kusa da ƙofa, su zauna kan bencina, ɗaya tana karanto takarda, ɗaya tana dannawa. Igiyar cajin gajera ce, ko taku biyu ba ta kaiwa. Tsakanin bencin da famfo kuwa, ko Inna da gwiwarta ba ta neman sanda.

Tafasa ruwa muna yi, amma yara ba sa jiran ya huce. 'Yar tela, wadda kika ɗaura wa ɗankwali da kika zo, jiya aka sa mata ƙarin ruwa. Kafin sarƙar nan lafiyarta ƙalau.

Ban ce ki yarda da ni ba. Ki ƙara girman taswirar yadda ake yi wa hoto da yatsa biyu, ki gaya mini rufin wa ɗigon suka hau. Nawa akwai tsohuwar taya a kansa.

Auta

Auta,

Gaisuwa. Na ƙara girman. Na ga tayar.

Ɗigo arba'in da ɗaya ne, duk a kan rufinka, wani kan wani. Da a ce gaskiya ne, kai kaɗai kana da yara arba'in da ɗaya masu gudawa a cikin shagon da ba ya ɗaukar mutum uku. Laifina ne, daga nesa na kalle ta.

Na kai maganar sama. Sun ce maganar mai caji, kuma ƙanina, ba ta isa a janye rahoto ba. Sun miƙa wa shugaban masu zagayen tambaya gida-gida ya bincika, shi kuma ya ce bai taɓa jin an cike takarda a wajen gidajen mutane ba, sai dai in akwai shaidu. Kafin nan famfo yana nan a rufe. Wa ya gani ban da kai? Yaya jikin yarinyar?

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Yarinyar ta fara shan ruwa da kanta, amma ƙaninta ya kwanta yau.

Shaidu akwai. Tela ya gani, shi ya ara musu kujera. Mai faci ya gani. Direbanku ya gani, har ya ce musu ko sun koma haya a shagon ne.

Na huɗu wani mai gilashi ne da jar hular kwano, wanda suke ce wa Oga. Rana ta biyu ya zo, ya ce su yi sauri, ya karɓi takardun yana karanto musu da kansa. In shi ne shugaban masu zagayen, ki gaishe shi, ki ce cazarsa da ya manta tana nan na ajiye masa.

Ƙaninki,
Auta