Shaddar Mairo

Daga Mairo, bayan Ungogo, zuwa ga Malam Badaru a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwar wake? Malama Tahira ce take rubuta mini, ni ina faɗa, tunda wayarka ba ta shiga.

Malam, ɗanmu Zubairu ba lafiya. Kwana huɗu yana gudawa, idonsa duk ya faɗa, ko nono ba ya kamawa sosai. Likita ta ce ruwa ne. Duba-gari ya zo ya auna da ƙafarsa, daga masai zuwa rijiyarmu taku bakwai. Bakwai fa! Wai abin da muke zubarwa shi muke sha. Wallahi tun ranar ko alwala na zo yi sai na tsaya ina kallon ruwan.

An yi taro a ƙofar mai unguwa, ta katanga na ji. Wasu suka ce a ja kwata ɗaya ta bi layi ta zube a rafi, masu lambu suka ce sai dai bayan ransu, da ruwan suke ban-ruwan latas. Masu sababbin gidajen bulo suka ce sokawe, mai siminti da murfi, in ya cika mota ta zo ta zuƙe. Wace motar ce za ta shigo lungunmu? Ko a-daidaita sai ta karce jiki. Kuma shi da ruwan famfo yake tafiya, mu da muke ja da guga. Haka aka tashi baram-baram.

Ni dai ba na jiran kowa. Shadda nake so, Malam, mai kyau, irin ta Hajiya Ramlat maƙwabciyarmu, kafin ruwa ya sauka. Don Allah ka taimake ni.

Ka huta lafiya. Taka, Mairo.

*

Wa alaikumus salam, Mairo.

Ina fata kuna lafiya kamar yadda nake. Takardarki ta iso, sai dai direban da ya kawo ta ya ajiye ta jikin jarkar manja, duk ta jiƙe, ƙarshenta kawai aka iya karanta mini. Na sha dariya. Ashe ke ma kin fara hangen kayan Hajiya Ramlat! Ga yadi biyar nan, shuɗiya, mai maiƙo, da kaina na zaɓa. Ki shafa mini kan Zubairu.

Wassalam. Badaru.

*

Salamu alaikum. Malama ta ce sai na gaishe ka, to na gaishe ka.

Inna lillahi! Malam, shaddar sawa na ce maka? Shaddar haƙawa! Rami! Mai zurfi, can bayan rumbu, taku talatin daga rijiya yadda duba-gari ya ce, a cike tsohon masai da ƙasa. Yaro yana hannuna kamar tsumma, sai da aka ƙara masa ruwa leda biyu a asibiti, kai kuma ka aiko mini mai maiƙo? A cikin yadin zan tsuguna? Malama, ki daina dariya, ki rubuta yadda na faɗa.

Ya ɗan farfaɗo, jiya ya sha koko. Amma rijiya tana nan, masai yana nan, hadari kuma ya fara haɗowa ta gabas. In ruwa ya sauka ba a haƙa ba, komai rijiya zai gangara. Tafasa ruwan nake yi, karan hura wutar ma ya kusa ƙarewa. In ba za ka zo ba, goya ɗana zan yi mu tafi Ɗambatta gun Inna, ka dawo ka tarar da yadinka a kan gado.

Wannan takardar a leda na ƙulle ta.

Allah ya tsare. Mairo.

*

Salam, Mairo.

Ki yafe ni, wallahi ban san yaron yana kwance ba. Tunda aka karanta mini na kasa cin abinci. Asabar ina hanya in Allah ya yarda. Na aika wa Abdulkabir mai haƙar rijiya ya zo gobe ya fara, ki tsaya a kansa ki ƙirga takun da kanki. Kar ki tafi ko'ina.

Yadin kuma kar ki kai wa tela. Sabuwar shaddar za ta buƙaci labule.

Naki, Badaru.