Yatsun Roseline Ba Sa Saki

Kafanchan,
9 ga Yuli, 1974.

Zuwa ga Yayana Silvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kuna lafiya a Ikko, kai da Irene da yara. Allah ya ƙara muku ƙarfin jiki. Mu ma mun gode masa, ruwa yana sauka sosai, cittar Mama a Fadan Kaje ta yi kyau.

Yaya, maganar 'yata Roseline ce. Tun tana shekara uku, in ta riƙe kofi yatsunta ba sa saki sai an jira. In ta tashi da sauri daga benci, ƙafafunta su sandare, ta faɗi kamar itace, in ta ɗan tattaka kuma sai jikin ya sake. Yanzu ƙanenta Kambai ya soma. Dangin mijina sun ce maita ce, sun ɗora wa gwaggon mijin nawa, Lucia, tsohuwar da ke yi wa yaran wanka. An hana ta taɓa rijiyarmu, dattawan ikilisiya kuma za su zauna a kanta ƙarshen wata.

Mun kai yaran asibiti a Jos. Likita ya sa Roseline ta dunƙule hannu ta buɗe, ya ce ciwon gado ne da ba a cika gani ba, ba ya kisa. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a zuriyarmu, na ce babu. Amma tun a jirgin ƙasa da muke dawowa zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na tuna marigayi Baba ba ya ba kowa hannu, sai dai ya ɗaga sandarsa. Da na tambayi Mama, cewa ta yi in bar matattu su huta, ta shige ɗaki. Kai kuma lokacin yaƙi ka ce saboda ido aka ƙi ɗaukarka soja, alhali ban taɓa ganinka da tabarau ba. Me ya sa kake daɗewa a tsaye bayan addu'a kafin ka taka?

Ban ce ka yi ƙarya ba, Yaya, amma ina jin kai da Mama kun san abin da ban sani ba. In kunya ce, ka tuna da tsohuwar da za a kora daga gidan da ta tsufa a ciki. Ka rubuto mini gaskiya in karanta wa dattawa. In wasiƙarka ba ta iso ba, zan miƙe a gabansu in faɗi abin da nake zato, har da sunan Baba da naka.

Ka gaishe mini da Irene, da Gilbert da Mildred. Mijina Zamani bai san na rubuto ba.

Ni ce ƙanwarka,
Afiniki.