Ringi Biyu a Kife

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yau sati bakwai motata tana garejinka. Ka ce kwana goma. Ka san aikin ungozoma ba ya jira. Jiya a kan babur na je wa wata mai naƙuda, na tarar ta haihu a hannun maƙwabta, jini yana ta zuba. Da ƙyar muka ceto ta. Kai da ake kawo wa mota daga nesa, sai tawa ce za ta gagare ka? Ka faɗa mini gaskiya.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ki daina yi mini faɗa kamar ke kika goye ni. Injin nan na sauke shi, na kai aka share silinda huɗun nan suka yi sumul, na sa sababbin fistan da ringi, na ɗaure. Ina tayarwa sai hayaƙi ya turnuƙe gareji, har maƙwabcina mai walda ya fito yana tari yana cewa, "Gobara ce?" Na sake kwancewa na sake ɗaurewa, bai canza zani ba, shan baƙin mai yake kamar rijiya. Kayan yanzu ne ba su da kirki. Ki ƙara haƙuri.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta, amma wannan ba rubutunka ba ne, na matarka ne. Na kira ta, ta yi ta kame-kame, daga baya ta fashe da kuka ta ce in tambaye ka. To, ga shi ina tambaya. Me ya same ka?

Auta

Auta,

Gaisuwa. Tunda kin tono, shi ke nan. Kowane ringi, wato zoben ƙarfen da ake sa wa fistan a cikin inji, yana da ɗan tambari da ke nuna gefen da zai kalli sama. Wata shida ke nan ba na ganinsa, komai hazo-hazo. Da lalube nake aiki. Na ɓoye ne don in masu mota suka ji, wa zai sake kawo mini?

Shekaranjiya na danne zuciya na kira makaniken da ke kusa da ni, wanda kullum nake kushe aikinsa. Ya zaro fistan ya duba, ya ce a hankali, "Maigida, ringi biyu a kife suke." Bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Shekara talatin ina wannan sana'a, Auta.

Motarki ta tashi, babu hayaƙi. Ba hannuna ba ne. Ki yafe mini matar nan da kika kusa rasawa.

Yayanki

Yaya,

Haushinka nake ji, ba kaɗan ba. Ni ma'aikaciyar lafiya, ka ɓoye mini wata shida! Ina zuwa Asabar. Na samo mana likitan ido, kuma ba shawararka nake nema ba. Ka sa riga mai kyau. Ni zan tuƙa, kai ka zauna a gefe.

Auta