Hoton Ɗakin Ruma'isa

Magarya, 9 ga Rajab

Ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Nabila da yara, da ƙafar nan da ka ce ta motsa. Mu nan sai godiya.

Na karɓi shawararka kan ɗakuna biyun nan na waje da mai gidana marigayi Malam ya bari. Tunda ka ce ma'aikatan furoje, masu ayyukan raya ƙasa, da fatake suna neman masaukin kwana biyu zuwa uku, kuma a waya suke dubawa, to bismillah. Maimuna maƙwabciyata ta ɗauki hotuna, na zauna na tace, ta turo maka huɗu. Na cire na tsakar gida, don tun damina yake a wayarta, lokacin zogale ya yi kore shar, yanzu kuwa sanduna ne. Na bar wanda tsagar bango ta fito. Na san za ka yi dariya ka ce Yaya da tsoro. Amma ka tuna karatun da aka yi mana kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa. Ka rubuta a tallar cewa wutar kuran tana ɗaukewa, ruwa kuma na rijiya ne.

Ka gaida mutanen Damagaram.

Yayarka, Uwani


Magarya, 2 ga Sha'aban

Hamisu,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne don in na kira ka murya za ta ƙi ni. Baƙuwar da ka turo, likitar dabbobin nan, ta iso ran Talata. Ta tsaya bakin ƙofa ta duba ɗaki, ta duba wayarta, ta tambaye ni cikin ladabi ko ta yi ɓatan gida. Sai ta miƙo mini wayar. Hamisu, na ga rido, labulen nan mai ruwan zuma wanda na yi wa kalmasa da hannuna. Na ga gadon da na sayar da karsanata na saya. Na ga jeren kwanonin innarmu. Ɗakin Ruma'isa ne, ɗiyata, ɗakin aurenta na Guci, da kuɗin kwana a rubuce a ƙasa, da sunana.

Ni na turo maka hotunan nan bara, da ba ka samu zuwa biki ba, na ce ka gani ka sa albarka. Ko ƙannen mijinta ba sa ɗaga labulen ɗakin nan.

Na mayar wa baƙuwar kuɗinta, ta ƙi, na rantse, ta karɓa. Ta kwana uku a matsayin baƙuwar Allah. Wannan mai sauƙi ne. Ran kasuwar Guci wani dillalin shanu ya nuna wa Labbo mijin Ruma'isa hoton a gaban mutane, yana tsokanarsa wai nawa ne kwanan gadonsa, shi ma zai kama. Ka san Labbo da kunya irin tasu. Ya bar bijiminsa a hannun wani ya koma gida. Kwana biyar ke nan bai taka ɗakin ba. Ita kuwa wata takwas gare ta, tana kwana kan tabarma a ɗakin surukarta, tana rantsuwa ba ita ta ba da hoto ba.

Maimuna ta karanta mini saƙon da ka turo wayarta, wai kowa haka yake yi, wai tsagar bango ba ta kawo baƙo. Ni na goya ka bayan rasuwar inna, ban san ranar da ka zama kowa ba.

Ka cire shi yau, don Allah.

Uwani


Magarya, 20 ga Sha'aban

Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Nabila da yara, da fatan kuna lafiya.

An ce ka cire. Na gode, ko da yake abin da ya shiga wayoyin mutane ya shiga.

Na je Guci. Na durƙusa gaban mahaifin Labbo na ce laifina ne, daga hannuna hoton ya fita. Bai tambaye ni hannun wa ya shiga ba, ni ma ban faɗa ba. Tsohon ya ce ya wuce. Labbo ya koma ɗakinsa, amma sai da aka kwance gadon aka sauke rido. Suna nan jingine a zaurena, Ruma'isa ta ce ba ta iya kallonsu.

Ɗakunan waje na bar tallarsu a bakin direbobin tasha. Wanda ya zo ya ga tsagar da idonsa, in ta yi masa ya kwana. Kada ka ƙara sa gidana a ko'ina.

Jiya da hantsi Ruma'isa ta sauka, namiji, duk suna lafiya. Suna ran Laraba. Kai kakansa ne, ban hana ka zuwa ba, tuwonka na nan. Amma kada ka jira hotonsa a waya. In kana son ganinsa, ka zo da idonka.

Wassalam.

Yayarka har yanzu,
Uwani