Na Yi Wa Kalmar Matata Dariya

Malama, ki taimake ni, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan bai raina ni ba.

Ni dattijo ne. Na yi karatu mai zurfi lokacin da ake ganin girmansa, na koyar shekara da shekaru, yau kuwa ina tsaron shagon tayil na wani tsohon ɗalibina da kullum yake na ƙarshe a aji. Yana kirana Malam, yana aikena sayo ruwan sanyi. Ba wannan ya kawo ni ba, amma ki san irin zuciyar da nake komawa gida da ita.

Babbar 'yata tela ce. Ita ta kawo mana wani salo, wai a farkon shekara kowa ya zaɓi kalma ɗaya da zai riƙe, ta ɗinka masa a rigar matashin kansa. Muka taru a falo har da surukina da jikoki. Wannan ya ce lafiya, waccan ta ce natsuwa. Da aka zo kan uwar 'ya'yana, sai ta sunkuyar da kai ta ce karatu. Ashe ta daɗe tana cigiyar wani ajin manya a bayan layinmu, har ta sayi fensir.

Malama, dariya na yi har da buga cinya. Na ce ta dube ni ta ga abin da karatu ya tsinana, in takardu take so ga nawa can ƙarƙashin gado ɓeraye na ci. Jikoki suka taya ni. Ta yi yaƙe, ta ce wasa take, ta shige kicin.

Tun ranar ba ta fasa mini komai ba, abinci da gaisuwa duk suna nan. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Fensirin ta ba jika. Ƙarshen watan nan ake rufe ɗaukar ɗalibai, ta ce a bar maganar. 'Yata ta ɗinka wa kowa tasa, ta uwarta ta bari ba rubutu, tawa kuma tana jira. Na kasa haɗa ido da su. Wace kalma mutum irina zai zaɓa?

Tsohon Malami

Baba, kalmarka za ta iya jira, ajin ne ba zai jira ba.

Takaicinka gaskiya ne, kuma na fahimci kanka ka yi wa dariya. Amma a kanta ta sauka. Matar nan ta ga duk abin da ya same ka, duk da haka abin da ke hannunka take sha'awa. Ka yi tunani a kan wannan.

Ka fara ba ta haƙuri ku biyu, kada ka sako labarin shago. Sannan ka maimaita a gaban waɗanda suka ji dariyar, musamman jikoki. Kada ka ce kai za ka koya mata, ajin take so. Ka je ka tambayo ranaku da abin da ake buƙata, ka kawo mata. In ta ƙi, kada ka matsa, domin ita ma tana da ikon jin ciwo, kuma za a sake ɗaukar ɗalibai.

In ta yarda, ka ce wa 'yarka ta ɗinka maka kalmar rakiya. Ka kai ta bakin ƙofar ajin, ka juyo. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya buɗe mata ƙwaƙwalwa.